Yadda Za a Taimaka wa Yaron da Ya Tasa Ya Gyara Maganarsa a Gida

Tambayar da iyaye suka fi yi mini, musamman mutanen ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, ita ce: yaro ya kai shekara 8 ko 10 ko fiye, har yanzu yana tsamin baki ko yana in'ina, an je asibiti an nuna wasu darussa an ce a riƙa yi a gida, to ta ina za a ɓullo wa lamarin? Masana gyaran magana ƙalilan ne a ƙasar nan, kuma a manyan asibitocin birni ake samunsu, don haka wanda zai taso daga ƙauyen Ringim ko na Ɗambatta ba zai iya zuwa kowane mako ba. Mafi yawan aikin a tsakar gida za a yi shi.

Yaron da ya tasa ba ɗaya yake da ɗan shekara 3 ba. Ya san cewa maganarsa ta bambanta da ta sa'o'insa, an sha kwaikwayonsa a wajen kiwo da bakin rijiya, wataƙila ma an laƙaba masa suna. Harshensa kuma ya shafe shekaru yana bin hanya ɗaya har ta zama jiki. Saboda haka matakan nan suna da jeri, kuma tsallake ɗaya daga cikinsu shi ne abin da ya fi sa iyaye su gaji su bari.

1. A fara da duba kunne da baki

Yaro yana faɗin abin da kunnensa ya jiyo masa ne. Idan ya taɓa yin sanƙarau, ko ƙyanda mai tsanani, ko kunnensa ya daɗe yana fitar da mugunya, ko sai an kira shi sau biyu sau uku kafin ya waiwayo, to gwajin ji ne farkon abin yi. Ana neman sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Asibitin Murtala, ko Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. A can ne za a tambaya ko akwai mai gyaran magana da za a iya gani. A roƙi likita ya duba hanƙa, wato rufin baki, domin akwai yaran da hanƙarsu take a tsage daga ciki ba a lura ba, alamarta kuwa ita ce magana ta hanci da fitowar kunu ko ruwa ta hanci. Wannan sai an yi aiki, kuma ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin irin wannan tiyata kyauta a wasu asibitocin Nijeriya.

Gargaɗi: idan yaro yana magana lafiya lau sai rana ɗaya harshensa ya yi nauyi, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, musamman mai ciwon sikila, kada a tsaya darasi, a garzaya asibiti nan take. Haka kuma kada a kai yaro wurin wanzami a cire masa beli ko a yanke masa jijiyar ƙarƙashin harshe da sunan gyaran magana. Beli ba shi da hannu a in'ina, kuma yankan yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Idan da gaske jijiyar ce ta ɗaure harshe, likita ne zai tantance.

2. A gano ainihin abin da ke damun maganar

A ɗauki kwana 3 zuwa mako guda ana saurare kawai, ba tare da an gyara masa komai ba. A rubuta kalmomin kamar yadda yake faɗinsu: ya ce "lami" a maimakon "rami", ko "taza" a maimakon "kaza", ko harshensa yana leƙowa tsakanin haƙora idan zai ce "sarki". Daga wannan rubutu za a ga ko matsalar ta furta wasu sautuka ce, ko in'ina ce, ko kuwa kalmomin ne suka yi masa ƙaranci har ba ya iya ba da labari a jere. Kowace da hanyarta.

Gargaɗi: karin harshe ba cuta ba ne. Wanda ya ce "fuɗu" da wanda ya ce "huɗu" duk daidai suke, haka ɗan Fulani da ya tashi da Fulatanci ya zo yana Hausa da karinsa. Yaron da yake famfara, haƙoran gabansa sun zube, shi ma a jira su fito kafin a yanke hukunci a kan sautin "s". Amma yawancin yara sun gama mallakar sautukan harshensu zuwa shekara 5 ko 6, don haka ɗan shekara 9 da bai iya ba, a daina cewa zai bari da kansa.

3. A zaɓi mai koyarwa, a nemi yardar yaron

Wannan mataki ne da ake rainawa alhali shi ne ginshiƙi. A gidajenmu, idan yaron ɗan fari ne, uwa da uba suna jin nauyin zama da shi ido da ido, shi ma ba zai saki jiki ya buɗe baki a gabansu ba. Babu laifi a miƙa aikin ga yayarsa, ko goggonsa, ko kawunsa, muddin mutum ne mai haƙuri wanda yake kwana a gidan ko maƙwabta. Kaka tana da lokaci da tausayi, sai dai wasan jika da kaka yakan kai ga tsokana, don haka sai an yi da ita cewa maganar yaron ba ta cikin abin wasa.

Sannan a zauna da shi a keɓe a yi masa magana irin ta manya. Na ji wata budurwa ta ce wa ƙanenta mai shekara 11: "Na lura harafin nan yana ba ka wahala, kuma na ga yadda kake yin shiru a aji. Akwai hanyar da ake bi a koya. Kana so mu gwada ni da kai, ba wanda zai sani?" Ya daɗe yana tonon ƙasa da ɗan yatsan ƙafarsa kafin ya ce, "Yaya, sunana nake so in fara iyawa." A ba shi wannan dama, ya zaɓi kalmomin da suka fi ci masa tuwo a ƙwarya: sunansa, sunan ƙauyensu, abin da ake aikensa saye, ko abin da yarinya take kira a wajen talla.

4. Kayan aiki da abin da za a kashe

Ana buƙatar ƙaramin madubi wanda fuskoki biyu za su iya fitowa a ciki, da littafin rubutu guda da biro, da ƙoƙo biyu da ƙwayar wake 10, sai wayar hannu mai ɗaukar murya, ko da ƙarama ce. Duk wannan ba ya buƙatar intanet, kuma mafi yawansu suna nan a gida. Kuɗin da za a ji a jiki shi ne na mota zuwa birni da na kati da gwajin ji, kuma yana da kyau a tanade shi tun lokacin kaka, a kuma haɗa tambayoyi a rubuce domin tafiya ɗaya ta biya buƙata da yawa. Idan an samu ganin masani, a roƙe shi ya yarda a ɗauki bidiyon yadda yake nuna darasin, domin abin da aka gani sau ɗaya a ofis yakan ɓace kafin a iso gida.

5. A tsayar da lokaci da wuri

Minti 10 zuwa 15 a kullum ya fi awa biyu a ranar Juma'a kaɗai. A liƙa darasin da wani abin da ba ya sauyawa, kamar bayan sallar Asuba kafin a karya, ko bayan La'asar. Da damina, yaron da ya wuni a gona ba shi da sauran ƙarfi da yamma, sai a mayar da shi safe. A shiga ɗaki ko bayan rumbu, inda ƙanne da 'ya'yan maƙwabta ba za su taru suna leƙe ba, kuma a zauna inda haske yake dukan fuskar mai koyarwa.

6. A fara horar da kunne kafin harshe

A zaɓi sauti ɗaya tak. Kafin a ce ya furta, sai an tabbatar yana jin bambancinsa da wanda yake sawa a madadinsa. Hausa tana da kalmomi masu kama da juna da suka dace da wannan aiki: kara da tara, kaya da ƙaya, koko da ƙoƙo, baki da baƙi, daka da ɗaka, bata da ɓata, sawa da tsawa. A ajiye karan dawa a gefe ɗaya, a rubuta 9 a ƙasa a ɗaya gefen, mai koyarwa ya rufe bakinsa da littafi ya faɗi ɗaya, yaro ya nuna. Daga nan mai koyarwa ya riƙa yin kuskure da gangan, yaron ya kama shi. Yara suna son wannan ƙwarai, domin a karon farko su ne masu gyara.

7. A fitar da sautin shi kaɗai

A nan ne madubi yake aiki. Ku zauna kafaɗa da kafaɗa, ya ga bakinka ya ga nasa.

Idan "k" ko "g" ne yake mayarwa "t" ko "d", matsalar ita ce bakin harshe ne yake tashi maimakon bayansa. A sa ya kafa kan harshensa a bayan haƙoran ƙasa, ya buɗe baki sosai, ya yi kamar zai yi kaki a hankali. Wasu yaran sun fi samunsa idan sun kwanta rigingine, domin harshe yakan koma baya da kansa.

Idan "s" ne, a haɗa haƙora kusa da juna, harshe yana bayansu ba ya leƙowa, iska ta fito ta tsakiya siririya. A cire cikin biro a riƙe bututun a tsakiyar haƙoransa: idan iskar tana bin tsakiya za a ji ƙararta a cikin bututun, idan ta gefen kumatu take zurarewa ba za a ji ba. Wannan ƙaramar dabara tana nuna wa yaro abin da baki ba zai iya bayyana masa ba.

Sautukan "ƙ" da "ts" da "ɓ" da "ɗ" daga maƙogwaro sirrinsu yake. A ɗora yatsun yaro a maƙogwaron mai koyarwa ya ji yadda yake ɗan yin sama a wajen "ƙa" da "tsa", numfashi a riƙe, da yadda yake ɗan yin ƙasa a wajen "ɓa" da "ɗa". Sai ya ɗora a nasa ya kwaikwaya. Ga "ƙ", a ce ya riƙe numfashi kamar mai ɗaga buhu, sannan ya saki "k" ba tare da iskar ƙirji ta biyo baya ba.

Sai "r", wanda ya fi kowanne gardama. Hausa tana da iri biyu duk da rubutu bai bambanta su ba: na "bara" mai yi wa sarki hidima, wanda harshe yake lanƙwasawa ya bugi hanƙa sau ɗaya, da na "bara" irin ta almajiri, wanda kan harshe yake kaɗawa. A fara da mai bugu ɗaya. A sa ya riƙa cewa "ada, ada, ada" da sauri da sassauci har "d" ɗin ya fara narkewa ya koma kamar "ara". Yana iya ɗaukar makonni, kuma wannan ba alamar gazawa ba ce.

Gargaɗi: kada a cusa cokali ko tsinke can cikin bakin yaro, kuma kada a ɓata lokaci wajen sa shi hura balan-balan ko lasar leɓe da fatan harshe zai yi ƙarfi. Sauti da furta sauti ake koyonsa. Idan an yi mako 3 ana gwadawa bai fito ko sau ɗaya ba, a ajiye shi a ɗauki wani mai sauƙi, a bar wancan sai an ga masani, domin maimaita kuskure sau ɗari ƙara kafa shi yake yi.

8. A hau daga gaɓa zuwa jimla

Da zarar sautin ya fito, a haɗa shi da wasula: ka, ki, ku, ke, ko. Daga nan kalmomin da yake farkonsu, kamar kaza, kifi, kunu, sannan waɗanda yake tsakiyarsu, kamar taki da buka, sannan 'yan kalmomi biyu, kamar "kan kaza", sannan cikakkiyar jimla.

Ga amfanin wake. A zuba ƙwaya 10 a ƙoƙo ɗaya, duk furucin da ya yi daidai a mayar da ƙwaya guda zuwa ɗaya ƙoƙon. A yi zagaye 5 ko fiye a zama guda, domin yawan maimaitawa ne yake sauya al'adar harshe, a rubuta sakamakon a littafi da kwanan wata. Ba a hawa mataki na gaba sai ya samu 8 cikin 10 kwana 3 a jere. Idan an hau sai aka ga ya koma 3 ko 4, a sauko ba tare da nuna ɓacin rai ba.

Yabo ya zama mai bayani. "Madalla, na ga harshenka ya tsaya a bayan haƙora" ya fi "yawwa" kawai amfani. Idan ya kuskure, a ce "sake gwadawa, bayan harshe ne zai tashi." Tun da yaron babba ne, a riƙa tambayarsa kafin a faɗa masa: "Kai ya ka ji wannan?" A ɗauki muryarsa a waya ya saurara ya ba kansa maki. Ranar da ya fara kama kuskurensa da kansa, an ci rabin aikin.

Gargaɗi: kada a tura muryar ko bidiyon yaro a WhatsApp, ko da ga dangi ne, kuma kada a bar wayar a hannun wasu yara.

9. A fito da sautin cikin hira

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga yaro ya iya a ɗaki sai a zaci an gama, a fara yi masa faɗa idan ya koma gidan jiya a tsakar gida. Iyawa a darasi daban, iyawa cikin hira daban. A ware minti 5 a rana da aka yi yarjejeniya cewa za a lura da sautin, misali lokacin da ake ɓarar gyaɗa, ya ba da tatsuniya ko labarin abin da ya gani a kasuwa. A yi wata alama ta sirri, kamar taɓa kunne, a madadin gyara da baki. Bayan wannan lokaci a ƙyale shi ya yi maganarsa. Daga baya a aike shi wurin mai shago da saƙon da aka gwada a gida, sannan ya gaida baƙo, a hankali a hankali. Wasannin karya harshe irin na kwaɗo da ƙato sai a wannan mataki, kuma ban da mai in'ina.

Yaron da kalmomi ne suka yi masa ƙaranci, nan ne wurin aikinsa: a ba shi labari gajere ya maimaita da farko da tsakiya da ƙarshe, a yi kacici-kacici, a aike shi da saƙo mai gaɓa biyu sannan uku, a riƙa sanar da shi sunayen kayan gona da na girki da amfaninsu.

10. Idan in'ina ce

In'ina ba ta bin tsanin da aka zayyana a sama, domin mai in'ina ya iya sautukan, fitarsu a jere ce take sarƙewa. Kusan mutum 1 cikin 100 na manya yana da ita, ta fi yawa ga maza, kuma tana bin dangi. Ba tsoro ne yake kawo ta ba, ba kuma rashin tarbiyya ba, ko da yake tsoro da gaggawa suna ƙara ta. Iyaye da yawa sun ce mini, "Ai da gangan yake yi, tunda a makarantar allo yana karatu tiryan-tiryan." Haka in'ina take: takan ɓace idan ana waƙa ko ana karatu baki ɗaya da jama'a, ta dawo idan mutum zai yi magana shi kaɗai. Dukan yaro a kan wannan zalunci ne.

Gyaran farko na mutanen gida ne. A daina ƙarasa masa magana, a daina cewa "nutsu" ko "yi a hankali", a daina kawar da kai idan ya maƙale. Mai sauraro ya rage saurin tasa maganar, ya ɗan dakata kafin ya amsa, a kuma sa doka a wajen cin abinci cewa ba a katse mai magana.

A zaman darasi kuma a gwada abu uku, ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne fara kalma da taushi, a saki 'yar iska kaɗan sannan murya ta biyo a hankali, a ɗan ja gaɓar farko. Na biyu shi ne sassauta haɗuwar leɓɓa da harshe a sautuka irin "b" da "d" da "k", a taɓa kawai kada a danne. Na uku shi ne yanka magana gunduwa-gunduwa: "Baba ya ce / a ba ni gishiri / da man gyaɗa." A fara da karatu tare, mai koyarwa yana rage muryarsa har yaron ya ci gaba shi kaɗai, sannan gajerun amsoshi, sannan hira. Idan ya maƙale, ya koyi tsayawa, ya saki wuyansa da leɓɓansa, ya zame cikin kalmar a hankali maimakon ya tura da ƙarfi.

Gargaɗi: kada a yi masa alkawarin cewa za ta tafi gaba ɗaya. Ga yaron da ya wuce shekara 7 ko 8 da ita, abin da ake nema shi ne ya yi magana cikin sauƙi, ya daina gudun mutane da sauya kalmomi. Ranar da ya ɗaga hannu a aji ya yi tambaya, ko da ya maƙale sau uku, a rubuta ta a littafi a matsayin nasara. Yana kuma ƙarfafa zuciyar yaro ya san cewa Annabi Musa, alaihis salam, ya roƙi Allah Ya warware ƙulli daga harshensa domin a fahimci maganarsa, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28.

11. A sa malamai cikin lamarin

Uba ko kawu ya je da kansa wurin malamin aji da malamin allo ko na Islamiyya, ya gaya musu sautin da ake aiki a kai. A roƙi kada a tilasta wa yaron karatu a gaban aji ba shiri, a riƙa sanar da shi tun jiya abin da zai karanta, a kuma tsawatar wa masu kwaikwayonsa. Malamin da ya san tajwidi ya riga ya saba da nuna mafitar haruffa, don haka sau da yawa shi ne ya fi saurin gane abin da ake nufi, kuma zai iya ba yaron 'yan mintuna shi kaɗai bayan an tashi.

12. A duba littafi, a koma asibiti

Duk ƙarshen wata a ɗauki muryar yaron yana faɗin kalmomi 10 daga cikin waɗanda aka rubuta tun mataki na 2, a saurara tare da ta watan baya. Idan wata 2 zuwa 3 sun wuce ana yi kullum ba a ga motsi ba, ko in'inar ta ƙaru har yana runtse ido yana buga ƙafa, ko muryarsa ta dishe fiye da mako 3, ko ya fara ƙin zuwa makaranta, a koma wurin likita da littafin da wayar a hannu. Idan gwaji ya nuna jinsa ya ragu sosai, a tambaya game da na'urar ƙara ji, a kuma nemi shawarar makarantar masu buƙata ta musamman irin ta Tudun Maliki da ke Kano kafin shekarar karatu ta gaba ta shigo.